Madugu Ko Dogo: Wa Ya Kamata A Fara Ɗauka?

Na san akwai wanda zai buɗe wannan shafi ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da ƙwallon kwandon Amurka? To, musu ne ya kawo ni. Kwanakin baya a ɗakinmu na kwanan ɗalibai, mun kai wajen ƙarfe biyu na dare ni da wani abokina ɗan sashen injiniya muna jayayya a kan tambaya guda. Tambayar ita ce: idan aka damƙa maka ƙungiya, aka kawo samari biyu aka ce ka ɗauki ɗaya, na farko dogo ne mai ƙafa bakwai, na biyu kuwa madaidaici ne amma shi ke rarraba ƙwallo, wa za ka ɗauka? Abokina ya ce dogo, ko da ido rufe. Ni kuwa na ce ban yarda ba. Da yake ya fi ni baki, ya kuma fi ni tsawo, sai na bar masa daren, na yi masa alkawarin amsa a rubuce.

Kafin mu yi nisa, bari in share fage domin waɗanda ba su saba da wasan ba. Kowace ƙungiya tana shiga fili da 'yan wasa biyar, kuma ana ba wuraren tsayuwarsu lamba daga ɗaya zuwa biyar. Ɗan lamba ɗaya shi ne yake tahowa da ƙwallo daga baya, shi yake kiran dabarar da za a yi, shi yake zaɓar wanda zai miƙa wa. Na daɗe ina neman sunan da zan ba shi da Hausa, har wata rana a aji aka yi mana bayanin fatake da ayari, na ji an ce madugu uban tafiya. Daga nan na ce na samu. Don haka a wannan rubutu zan kira shi madugu. Ɗan lamba biyar kuwa, wani lokaci har da na huɗu, shi ne ƙaton da ke tsayawa kusa da kwando, yana cafe ƙwallon da ta dawo, yana doke ta abokan hamayya. Shi zan kira dogo.

A gasar NBA ta Amurka, ba a sayen sababbin yara yadda ake yi a ƙwallon ƙafa ta Turai. Sau ɗaya a shekara, galibi a watan Yuni, ƙungiyoyi 30 suna zama su zaɓi matasa ɗaya bayan ɗaya, zagaye biyu. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ake ba damar fara zaɓa, kuma tun 1985 ƙuri'a ake jefawa a tsakaninsu don a fitar da na gaba. Ke nan wanda ya samu zaɓin farko ya biya kuɗinsa da shekara guda ta kunya. In ya dace, ya huta shekara goma. In ya yi kuskure, manaja da koci su tattara nasu ya nasu.

Zan fara da faɗin gaskiyar abokina, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Kwando yana can sama ƙafa goma daga ƙasa, kuma mutum mai ƙafa bakwai ba a samunsa a kowace unguwa. Masana wasan a Amurka sukan ce ana iya koya wa yaro komai ban da tsawo. Tarihi ma yana goyon bayansu. Kareem Abdul-Jabbar a 1969, Shaquille O'Neal a 1992, Tim Duncan a 1997, duk an ɗauke su a matsayi na farko, duk kuma sun ci kofi ba sau ɗaya ba. Daga 1999 zuwa 2007 an yi gasa tara, kuma takwas daga ciki ƙungiyar da ke da Shaquille ko Duncan ce ta ɗauka. A ɗaya ɓangaren, ga manyan madugai irin su John Stockton da Steve Nash da Allen Iverson, sun yi suna, sun gama wasa, ba su taɓa ɗaga kofin ba. Har ila yau abokina ya ce madugu nagari ana iya tsintarsa a baya: Stockton na 16 aka ɗauke shi a 1984, Nash na 15 a 1996, Tony Parker na 28 a 2001. Me zai sa ka ɓata zaɓin farko a kan abin da za ka samu da arha? Duk na ji, kuma na yarda da lissafin. Inda muka raba hanya shi ne a kan abin da lissafin yake nufi.

Amsata tana cikin labarin mutane biyu, dukansu haifaffun Legas, dukansu dogaye, dukansu kuma an ɗauke su a matsayi na ɗaya a duk faɗin zaɓen shekararsu.

Na farko shi ne Hakeem Olajuwon, wanda Houston Rockets ta ɗauka a 1984. A shekarar nan Michael Jordan na uku ya zo, amma har yau da wuya ka ji wani mai hankali yana zargin Houston. Hakeem ya kawo musu kofi biyu, a 1994 da 1995. A 1994 shi ne gwarzon ɗan wasa na shekara, shi ne gwarzon mai tsaron baya, shi ne kuma gwarzon wasannin ƙarshe, duk a kaka ɗaya. Ya doke ƙwallon abokan hamayya sau 3,830, adadin da ya fi na kowa tun da aka fara ƙidayar. A watan Fabrairun 1995, yana cikin azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata. Amma mai karatu, ka lura da wani abu. A zamaninsa akwai dogaye da yawa, wasu ma sun fi shi tsawo. Abokin wasansa Ralph Sampson ya ba shi inci da dama. Abin da ya bambanta Hakeem shi ne ƙafafunsa da hannuwansa da kaifin tunaninsa. Kafin ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka, gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, kuma shi da kansa ya sha danganta gwanintar ƙafarsa ga wannan tarbiyya. Yakan juya hagu, mai tsaronsa ya bi, sai ya sulale ta dama. Ya ƙwace ƙwallo daga hannun mutane fiye da sau 2,000, aikin da aka san ƙananan 'yan wasa da shi. A 1995 ya haɗu da David Robinson, wanda aka ba kyautar gwarzon shekarar, ya yi ta juya shi kamar waina a tanda, sannan ya wuce ya lallasa ƙungiyar Shaquille wasa huɗu a jere. Houston ta ɗauki ɗan wasa ne wanda Allah ya haɗa masa da tsawo.

Na biyu shi ne Michael Olowokandi, wanda Los Angeles Clippers ta ɗauka a 1998. Shi ma ƙafa bakwai, shi ma an haife shi a Legas ko da yake a Landan ya tashi, shi ma bai fara wasan da wuri ba. Har sunayen ma sun yi kama a kunnen Ba'amurke. Ba sai an faɗa ba, mutane da yawa sun hango Hakeem na biyu. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Wanda aka ɗauka bayansa kai tsaye madugu ne, Mike Bibby, wanda ya riga ya ci kofin jami'o'in Amurka da Arizona a 1997, wato an riga an ga aikinsa a fili. Olowokandi ya yi kaka tara, yana cin maki takwas da ɗoriya a kowane wasa, ciwon gwiwa kuma ya dame shi. Ba na raina shi, domin shekara tara a NBA ba wasan yara ba ne, kuma ba shi ya ɗora wa kansa matsayin na ɗaya ba. Amma Bibby ya yi kaka 14, kuma a 2002 saura ƙiris ya kai Sacramento Kings wasannin ƙarshe, sai da Lakers ta Shaquille da Kobe Bryant ta yi wasa bakwai kafin ta fitar da su. Kada ma a yi maganar Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce, waɗanda duk Clippers ta tsallake a ranar.

Ga matsayina ke nan. Idan dogon irin Hakeem ne, wanda ko da an rage masa inci biyar zai iya wasan, a ɗauke shi, ba musu. Idan kuwa abin da ake gani a jikinsa tsawon ne kawai, sauran duk fata ne da "za mu koya masa", to a ɗauki madugun da aka riga aka ga hankalinsa. Kuskuren da ƙungiyoyi suka yi ta maimaitawa shi ne sayen irin na biyu da farashin na farko. Dalili kuwa a bayyane yake: tsawo ana auna shi da awo a minti ɗaya, kowa ya gani. Iya karanta fili da sanin lokacin miƙa ƙwallo ba su da ma'auni, sai an zauna an kalli wasa da yawa. Manajan da ya ɗauki dogo abin ya ƙi, yana da abin faɗa wa mai ƙungiya. Wanda ya ɗauki siriri ɗan ƙarami abin ya ƙi, ba shi da bakin magana. Tsoro ne yake yin zaɓen a lokuta da yawa.

A duba 2009. Memphis Grizzlies tana da zaɓi na biyu, ta ɗauki Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya, mai ƙafa bakwai da inci uku. A duk zamansa a gasar, maki biyu da ɗoriya yake ci a wasa. Na uku a ranar James Harden ne. Na bakwai kuwa wani siririn yaro ne daga ƙaramar kwalejin Davidson, wanda ake cewa ba shi da jikin da zai jure, wato Stephen Curry. Ya ci kofi huɗu da Golden State Warriors, a 2015 da 2017 da 2018 da 2022, kuma a kakar 2015 zuwa 2016 ya jefa ƙwallo mai maki uku har sau 402. Wani abin dariya, kuma dole in faɗa ko da yake bai taimaki hujjata ba: Minnesota tana da zaɓi na biyar da na shida a wannan rana, ta ɗauki madugai biyu a jere, Ricky Rubio da Jonny Flynn, ta bar Curry. Ashe cewa "madugu nake so" ma bai isa ba, sai kana da idon gane shi.

A 2005 Milwaukee ta ɗauki Andrew Bogut ɗan Ostareliya a farko, Deron Williams ya zo na uku, Chris Paul na huɗu. Bogut ɗan wasa ne mai kyau, ba na haɗa shi da Thabeet. Sai dai kofin da ya ci a 2015, ya ci shi ne yana tare wa Curry hanya yana share masa fili. A 2018 kuma Phoenix da Sacramento suka ɗauki dogaye biyu, Deandre Ayton da Marvin Bagley, suka bar Luka Dončić, wanda yana ɗan shekara 19 ya riga ya zama gwarzon babbar gasar ƙungiyoyin Turai da Real Madrid. A wannan shekarar Shai Gilgeous-Alexander na 11 ya zo, shi ne kuma ya zama gwarzon shekara ya ɗaga kofi da Oklahoma City a 2025. Ikon Allah, a 2025 ɗin Ayton da Luka suka haɗu a Lakers, kuma ba sai an tambayi wa ke riƙe da ragamar ƙungiyar ba.

Akwai dalilin da ya sa abin ya ƙara tsananta a ƙarnin nan, shi ne dokokin wasan sun sauya. A 2001 aka halatta tsaron yanki, wato mutum biyu za su iya yi wa dogo rumfa tun kafin ƙwallo ta iso hannunsa. A 2004 aka tsaurara dokar hana mai tsaro dafa wanda ke tafe da ƙwallo, abin da ya sakar wa masu sauri mara. Ba mamaki Nash ya zama gwarzon shekara a 2005 da 2006. Ga kuma jifa mai maki uku. Lokacin da aka shigo da ita a 1979, ƙungiya takan gwada kamar sau uku a wasa. A kakar 2024 zuwa 2025 ta haura sau 37. Dogon da ba ya iya fitowa waje ya tsare mai jifa, abokan hamayya farautarsa suke yi, har koci ya zaunar da shi a benci a daidai lokacin da wasa ya yi zafi. Sannan a tuna, madugu yana taɓa ƙwallo a kusan kowane hari. Dogo na gargajiya kuwa sai ya jira an kawo masa. Ko shi Shaquille, da Kobe da Dwyane Wade ya ci nasa kofunan.

Abokina ya kawo maganar rauni, ya ce ai ƙananan ma suna karyewa. Gaskiya ne. Derrick Rose, madugun da Chicago ta ɗauka na farko a 2008, ya zama gwarzon shekara a 2011 yana ɗan shekara 22, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 2012, bai sake komawa yadda yake ba. Wannan ƙaddara ce, ba wanda ya hango ta. Amma akwai raunin da ake gani tun kafin a saya. Sam Bowie, wanda Portland ta fifita a kan Jordan a 1984, ya riga ya rasa kaka biyu a jami'ar Kentucky saboda ƙashin ƙwauri. Portland ɗin dai ta sake ɗaukar Greg Oden a 2007 ta bar Kevin Durant, kuma wasa 105 kacal Oden ya buga a rayuwarsa ta NBA. Jiki mai nauyi a kan ƙafafu biyu, ana gudu ana tsalle wasa 82 a kaka, ba kowane ƙashi ne yake ɗauka ba.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ta ƙarshe. Ya ce daga 2019 zuwa 2024 duk kyautar gwarzon shekara dogaye ne suka kwashe: Giannis Antetokounmpo, ɗan iyaye 'yan Nijeriya haifaffen Girka, sau biyu, Nikola Jokić ɗan Sabiya sau uku, Joel Embiid ɗan Kamaru sau ɗaya. Na ce masa na gode, domin ka kawo mini shaiduna. Giannis da kansa yake ɗauko ƙwallo daga wannan kwando zuwa wancan. Jokić a kakar 2024 zuwa 2025 yana miƙa ƙwallon da ake ci da ita fiye da sau goma a kowane wasa, ya fi yawancin madugai. Waɗannan madugai ne a cikin jikin dogaye. Akwai wata tsokana da Hausawa ke yi wa irin abokina, wai dogo da hankali dace ne. Ban yarda da ita a rayuwa ba, amma a fili, samun tsawo da basirar raba ƙwallo a jiki ɗaya lalle dace ne. Kuma a ina aka same su? Giannis na 15 a 2013. Jokić na 41 a 2014, har gidan talabijin ma talla yake nunawa lokacin da aka kira sunansa. An wuce shi ne don ba ya tsalle, jikinsa kuma bai burge ba. Masu awo sun sake auna abin da ido ke gani, suka manta da kai. Da aka zo 2023, San Antonio ta ɗauki Victor Wembanyama ɗan Faransa, madugu Scoot Henderson ya zo na uku. Ni ma da haka zan yi, domin yaron yana tafiya da ƙwallo yana jifa daga nesa kamar ɗan lamba ɗaya.

Abin da ya sa wannan musu ya dame ni har na rubuta shi, ba Amurka kaɗai ba ce. Ina aji huɗu a sakandare wani malamin wasanni ya shigo ajinmu ya ce mu jeru jikin bango. Ya bi layi ya zare dogaye shida, ya ce su ne ƙungiyar makaranta. Akwai wani ɗan gajeren yaro a cikinmu wanda duk mun san ba mai iya ƙwace ƙwallo a hannunsa, yana miƙa ta ba tare da ya kalli wanda zai ba ba. Ba a ko tambaye shi ba. Ya bi su filin mako biyu yana ɗaukar musu ruwa, daga nan ya daina zuwa. Ƙungiyar nan tamu ta je gasa, aka matsa mata tun daga baya, ta kasa ƙetare rabin fili da ƙwallo. Na san ba makarantarmu kaɗai ake yin haka ba. Masu neman yara don kai su waje tsawo suke tambaya, don haka kociyoyinmu ma tsawo suke nema.

Sai a duba tawagar ƙasarmu, D'Tigers. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta ci mu 156 da 73. Shekara tara bayan nan, a watan Yulin 2021 a Las Vegas, muka doke su 90 da 87 a wasan share fage, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi hakan. Ba da ƙarfin ƙirji a ƙarƙashin kwando aka yi ba. Ƙwallo mai maki uku guda 20 muka jefa. Wanda ya fi cin maki a ranar, 21, shi ne Gabe Vincent, ɗan wasan baya mai ƙafa shida da 'yan inci, wanda aka haifa aka kuma horar a Kalifoniya. A zaɓen 2018, shekarar da aka fara da Ayton da Bagley, an kira sunaye 60, babu nasa a ciki.